Firintata ta daina bugawa bayan na sabunta Ubuntu, ina matsalar take?

“Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar firinta ta lesa, mai buga baƙi da fari, wadda nake haɗawa da kebul na USB. Tana da Wi-Fi amma ban taɓa amfani da shi ba. Shekara uku tana min aiki lafiya a kan Ubuntu 20.04. Da na sauke shi na ɗora 24.04 sai ta tsaya cak. In na tura takarda sai ta zauna a layi, wani lokaci a rubuta min ‘Filter failed’, wani lokaci kuma shiru, ba a rubuta komai. Na sauko da direba daga shafin kamfanin na girka har sau biyu, yanzu sunan firintar ya fito sau uku a jeri, ban ma san wanne zan zaɓa ba. Direban ne ya lalace, ko kuwa Linux ce ba ta iya tafiyar da ita?”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙarshen tambayarka ya fi sauƙin amsawa, don haka da shi zan fara. Firintar da ta yi shekara uku tana aiki a kan Ubuntu 20.04 ba za ta zama baƙuwa ga Linux dare ɗaya ba. Injinta yana nan yadda yake, harshen da take ji ma bai canza ba. Abin da ya canza shi ne hanyar da takardarka ke bi daga kwamfuta zuwa gare ta. Kuma bisa yadda ka zayyana lamarin, ina zargin matsala biyu ce ta haɗu maka: saƙon “Filter failed” da dalilinsa, zaman shirun nan kuma da nasa dalilin daban. Roƙona na farko shi ne ka dakata da girka direbobi haka nan. Duk wanda ka ƙara, suna yake ƙarawa a jeri, yana kuma dagula ruwan da muke so ya kwanta mu hango ƙasa.

Hanyar da takarda ke bi kafin ta fito

A Ubuntu, da kusan kowace Linux ta tebur, manhajar da ke kula da bugu sunanta CUPS. Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, yanzu kuma reshen da Linux ke amfani da shi yana hannun ƙungiyar OpenPrinting. Idan ka danna maɓallin bugawa a LibreOffice ko Firefox, shafin yakan koma PDF a miƙa wa CUPS. Ita kuma ta ajiye shi a layi, ta duba wane harshe firintar ke ji, sannan ta bi da shi ta cikin wasu ƙananan manhajoji da ake kira filtoci. Kowace filta tana juya shafin daga wata siga zuwa wata, har ya zama abin da firintar ke fahimta, ko PostScript, ko PCL, ko wani tsarin ɗigo-ɗigon hoto da kamfanin ya ƙirƙira wa kansa. Daga ƙarshe wata manhaja mai isar da saƙo ta ɗauka ta tura ta kebul ko ta hanyar sadarwa.

Abin da muke kira direba a nan abu biyu ne a haɗe. Akwai fayil na PPD, wanda rubutu ne zalla mai bayyana girman takardun da firintar ke karɓa, da ko tana buga gaba da baya, da sunan filtar da za a kira. Sannan akwai filtar kanta. Da ka riƙe wannan, saƙonnin da kake gani za su fara yi maka magana. “Filter failed” na nufin aikin ya mutu tun wajen juya harshe, ko kusa da kebul bai je ba, don haka sauya kebul ko ramin USB ba zai tsinana komai ba. Shirun kuwa yawanci yana nufin an gama juyawa amma mai isar da saƙo ya kasa samun firintar, ko kuma layin ne aka dakatar.

Me ya kawo suna uku

Tsakanin 20.04 da 24.04 an yi babban sauyi a yadda ake haɗa firinta, kuma a ganina a nan gizo ke saƙar. Tun 2010, lokacin da Apple ya fito da AirPrint don wayoyi su iya bugawa, masu ƙera firinta suka koma sanya mata wayon da za ta faɗi da bakinta abin da take iyawa, ta kuma karɓi shafi cikin harshen da kowa ya sani. Sauran tsare-tsaren bugu irin su Mopria na Android da IPP Everywhere duk a kan wannan turba suke. Firintar da ke da wannan ba ta buƙatar direban kamfani ko kaɗan. CUPS ma tuni ta fara ja da baya daga tsohon tsarin PPD. Har yanzu yana aiki, amma in ka girka firinta da shi ta taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, za ta gargaɗe ka cewa nan gaba za a daina karɓarsa.

Wannan hanya ta marasa direba da farko ta hanyar sadarwa kaɗai take aiki. Daga baya aka samar da wata ƙaramar manhaja, ipp-usb, wadda ke sa firintar da ke kan kebul ta bayyana kamar tana kan hanyar sadarwa. Debian, wata Linux ta daban, ta fara girka ta kai tsaye tun fitowa ta 11, sabbin fitowar Ubuntu ma da ita suke zuwa. Da zarar ka soka kebul, in firintar ta iya wannan harshe, ipp-usb ke riƙe ta. To shi direban kamfani bai san da wannan zance ba. Zai nemi firintar ta tsohuwar hanyar USB ya tarar an riga shi, sai ya zauna yana jira. Ga shirunka nan. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Saboda haka ina kyautata zaton sunaye ukun nan, ɗaya tsarin ne ya ƙirƙira da kansa ba tare da direba ba, biyun kuma daga girke-girkenka suka fito. Kuma tunda firintarka tana da Wi-Fi, akwai kyakkyawan zato cewa na farkon shi ne mai aiki, kai kuma kana ta tura takardu ga sauran biyun.

A share fili, sannan a bi daki-daki

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka sa firintar ta buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta. Na sha ganin an kwana ana faɗa da direba alhali takarda ce ta maƙale ko murfi bai rufu ba. In ta buga, injin lafiya yake. Sai ka buɗe taminal ka rubuta `lsusb`. In sunan kamfanin firintar ya fito a jerin, kwamfuta tana ganinta. In bai fito ba, zancen direba bai ma taso ba tukuna: sauya kebul, sauya rami, ka kuma soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta cikin abin raba ramukan USB ba.

Daga nan ka rubuta `lpstat -t`. Wannan umarni zai nuna maka kowane suna da adireshin da yake nufa, da ko yana aiki ko an dakatar da shi, da takardun da ke jibge a layi. Ka lura da farkon adireshin. Wanda ya fara da `usb://` tsohuwar hanya ce. Wanda ya fara da `ipp://` ko `implicitclass://` sabuwar hanya ce. Ka zubar da duk takardun da suka taru da `cancel -a`, don kada ranar da ta tashi ta amayo maka shafi hamsin na gwaji. Sannan ka goge sunayen da ka ƙirƙira da `sudo lpadmin -x` haɗe da sunan. In ka goge wani ya sake dawowa da kansa, kada ka damu, wannan shi ne wanda tsarin ke ƙirƙirowa, kuma dawowarsa albishir ne.

Gwajin da na fi so a wannan gaɓa yana da sauƙi. Kebul yana soke, firinta a kunne, ka buɗe burauza ka rubuta `localhost:60000`. Idan shafin firintar da kanta ya buɗe, mai nuna yawan tawada da saitunanta, to ipp-usb ta riƙe ta kuma suna jin juna. Ba ka buƙatar direban kamfani. Ka cire shi gaba ɗaya ta `apt remove`, ka sake kunna kwamfuta, ka buga da sunan da ya rage. In sunan bai fito da kansa ba, za ka iya kafa shi da hannu:

`sudo lpadmin -p Firinta -E -v ipp://localhost:60000/ipp/print -m everywhere`

Kalmar `everywhere` ita ke gaya wa CUPS ta tambayi firintar abin da take iyawa maimakon ta nemi PPD. Shafin gwaji kuma za ka same shi a `localhost:631`, wato shafin kula da CUPS, ƙarƙashin sunan firintar. Yawancin masu irin tambayarka a nan labarinsu ke ƙarewa.

Akwai akasin haka. Wasu firintoci suna da'awar sun iya wannan harshe ta USB amma ba su iya shi da kyau ba, sai bugu ya riƙa yankewa ko ya ƙi farawa. Wani lokaci kuma kana son wani saiti da direban kamfani kaɗai ke bayarwa. A irin wannan hali sai ka zaɓi ɗaya: ka cire ipp-usb da `sudo apt remove ipp-usb`, ka zare kebul ka mayar, ka bar wa direban kamfani fili. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar su biyun suna jan kebul ɗaya.

Idan lallai sai da direba: bin sawun “Filter failed”

In shafin `localhost:60000` bai buɗe ba, kuma ta Wi-Fi ma firintar ba ta bayyana kanta ba, to tana cikin masu buƙatar direba, sai mu koma kan filtar da ke mutuwa. Saƙon da ake nuna maka a fuska gajere ne, amma CUPS tana rubuta cikakken bayani in ka ce ta yi. Rubuta `cupsctl --debug-logging`, ka tura shafi ɗaya tak, sannan ka buɗe `/var/log/cups/error_log`. A Fedora da ire-irenta rahoton yana fitowa ne ta `journalctl -u cups`. Layukan suna da yawa, kada su tsorata ka. Kowane aiki yana da lambarsa cikin baka, ka nemi lambar aikinka na ƙarshe, ka gangara har inda aka ce wata filta ta tsaya da “stopped with status”. Layuka biyu ko uku da ke sama da wannan su ne ke ɗauke da dalilin. In ka gama ka kashe da `cupsctl --no-debug-logging`, don fayil ɗin yana kumbura da sauri.

Dalilin da na fi cin karo da shi bayan sabunta tsari shi ne ɓacewar laburare, wato fayilolin tallafi da filta ke jingina da su. An rubuta direban shekaru da suka wuce, yana neman wani laburare da tsohon tsarinka ke da shi, sabon kuma bai zo da shi ba. A rahoton za ka ga “error while loading shared libraries” sai sunan abin da aka rasa. Ɗaya daga cikin waɗanda kan ɓace shi ne `libcupsimage.so.2`. Filtocin suna zaune a `/usr/lib/cups/filter`, kuma in ka rubuta `ldd` haɗe da sunan filtar, zai jero duk abin da take buƙata, ya rubuta “not found” a gaban wanda babu. Ka girka wannan ƙunshin kawai daga rumbun Ubuntu, shi ke nan.

Na biyu ya fi rikitarwa, kuma ya taɓa cinye min yini guda. An kawo min wata kwamfuta da firinta mai irin wannan saƙo. Rahoton yana cewa “No such file or directory” a kan filtar. Na shiga jakar, ga fayil ɗin ina kallonsa da idona, da girmansa da ranar da aka saka shi. Na goge direban na sake girkawa, saƙon bai canza ba. Na duba rubutun sunan harafi bayan harafi, daidai yake. Sai can da yamma na rubuta `file` a kan filtar, amsa ta fito: “ELF 32-bit”. Ashe filtar ta tsohon tsarin 32-bit ce a kan tsarin 64-bit, kuma abin da aka rasa ba ita ba ce, manhajar da ke tayar da ita ce babu. Da na girka `lib32stdc++6`, wanda ya janyo sauran abubuwan tallafin 32-bit tare da shi, na tura shafi, kafin na juyo firintar ta fara ɗumi. Tsoffin direbobin Brother da yawa na 32-bit ne, haka ma direban Canon mai suna CAPT yana jingina da irin waɗannan laburare. Tunda kai sauke tsohon tsarin ka yi ka ɗora sabo, duk wani tallafin 32-bit da aka taɓa girka maka ya tafi tare da shi, shi ya sa nake zargin wannan sosai a lamarinka.

Na uku shi ne izini. CUPS ba ta yarda ta tayar da filtar da ba mallakin `root` ba, wato babban asusun mai kula da tsarin, ko wadda kowa zai iya rubutu a kanta, kuma za ta faɗa a rahoto da kalmar “insecure permissions”. Wannan yakan faru ga wanda ya kwafi fayil da hannu. Gyaransa shi ne `sudo chown root:root` da `sudo chmod 755` a kan filtar. Ina jan kunnenka game da shawarar da za ka iya cin karo da ita ta yin `chmod 777`. Wannan shi ne ainihin abin da CUPS ke ƙi, ga shi kuma yana buɗe kwamfutarka ga haɗari, garin neman gira a rasa ido.

Rumbun Ubuntu kafin shafin kamfani

Wanda ya saba da Windows, hannunsa yakan tafi shafin kamfani kai tsaye. A Linux na fi son a fara da rumbun tsarin, domin direbobin da ke can an gina su ne daidai da laburaren da ke kwamfutarka, kuma tare ake sabunta su. Ga HP akwai `hplip`. Ga firintocin lesa na Brother masu baƙi da fari akwai `printer-driver-brlaser`, wanda ya raba mutane da yawa da ciwon kan 32-bit. Ga Epson masu tawada akwai `printer-driver-escpr`, ga tsoffin Samsung akwai `printer-driver-splix`, sannan `printer-driver-gutenprint`, in akwai shi a rumbun fitowarka, yana ɗauke da ɗimbin samfura na kamfanoni daban-daban. Bayan ka girka, `lpinfo -m` zai jero duk direbobin da CUPS ta sani, ka nemi samfurinka a ciki. In firintar tana jin PCL ko PostScript, direban gama-gari na wannan harshe ma yakan wadatar, ko da za ka rasa wasu ƙananan saituna.

Akwai wani rukuni da ya kamata ka san da shi, firintoci masu arha waɗanda aka rage wa ƙwaƙwalwa, kwamfuta ce ke yi musu kusan duk aikin. Wasunsu, kamar HP LaserJet 1018 da 1020, ba sa riƙe manhajar cikin jikinsu, sai kwamfuta ta ɗura musu ita duk lokacin da aka kunna su. In ba a ɗura ba, CUPS za ta ce an buga, layi ya zama fanko, amma ko motsi firintar ba za ta yi ba. Irin waɗannan suna buƙatar ƙarin abin da ake saukowa da umarnin `hp-plugin`. Masu CAPT kuma, irin su Canon LBP2900, suna da wata manhaja ta daban mai suna `ccpd` da dole ta kasance a tashe. Taka mai Wi-Fi ce, don haka da wuya ta kasance cikin waɗannan, na kawo su ne saboda alamarsu tana kama da shirun da ka ambata.

Wi-Fi ɗin da ba ka taɓa amfani da shi ba

In kebul ya ci gaba da ba ka wahala, ka haɗa firintar da rautar da kwamfutarka ke kai. Sau da yawa wannan ce hanya mafi tsabta, domin firintoci sun fi ƙwarewa a wannan harshe ta hanyar sadarwa fiye da ta USB. Manhajar Avahi ce ke sauraron sanarwar firinta, sai ka ga sunanta ya fito da kansa a tagar bugawa. Umarnin `ippfind` zai nuna maka adireshinta in ana jin ta. In bai nuna komai ba, ka tabbatar kwamfuta da firinta suna kan hanyar sadarwa ɗaya, ba ɗaya a ta baƙi ba, ka kuma duba ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 5353, wadda sanarwar ke bi. Abu ɗaya da ke cizon mutane daga baya: in ka kafa firintar da lambar IP, wato lambar adireshinta a hanyar sadarwa, rauta tana iya ba ta wata lamba bayan an kashe an kunna, sai bugu ya tsaya ba gaira ba dalili. Ka shiga saitin rauta ka keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin.

Ƙananan abubuwa biyu kafin na rufe. Bayan an gyara asalin matsalar, wani lokaci layin yana nan a dakace tun daga kuskuren baya. In `lpstat -t` ya nuna “disabled”, sai ka tashe shi da `cupsenable` haɗe da sunan firintar. Sannan ka duba girman takarda, domin in an saita Letter alhali A4 ce a ciki, wasu firintoci sukan tsaya suna ƙyafta fitila suna jiran takardar da ba za ta zo ba.

Daga nesa nake ba ka amsa, kuma ba ka faɗi samfurin firintar ba, don haka abin da na yi shi ne jera maka zato bisa wanda ya fi yawan faruwa: rikicin ipp-usb da direban kamfani a gaba, sai laburaren da ya ɓace ko 32-bit a bayansa. Akwai kuma tsirarun tsoffin firintoci da kamfanoninsu suka daina kula da direbansu, babu kuma wanda ya rubuta musu na kyauta. Irin waɗannan ana iya lallaɓa su na ɗan lokaci, amma kowace sabuntawa sai an sake fama. In ka bi matakan nan ba ta tashi ba, ka turo min cikakken sunan samfurin, da abin da `lsusb` da `lpstat -t` suka nuna, da layuka ashirin na rahoton da ke sama da “stopped with status”. Da waɗannan za mu gane ko wace gaɓa ce ta tsinke.